Idan Waliyyin da Kotu ta Naɗa Ya Ci Amana: Tarihin Hanyoyin Ƙwato Haƙƙi a Fiƙihun Malikiyya da Dokar Ingila

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukuni na mutane waɗanda shari'a ke ɗauke wa ikon sarrafa dukiyarsu ko da sun balaga, ta danƙa wa wani ya riƙa yi musu. A cikinsu akwai wanda ya sami taɓin hankali, da wanda aka haifa da ƙarancin wayo, da tsohon da ya ruɗe, a wasu shari'o'in ma har da almubazzarin da ba ya iya riƙon abin hannunsa. Wanda aka danƙa wa wannan aiki shi muke kira waliyyi a cikin wannan takarda, kuma wanda za mu fi mai da hankali a kansa shi ne wanda alƙali ya naɗa da kansa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan wannan waliyyi ya cinye dukiyar, ko ya karyar da gida da arha, ko ya yi sakaci har ta salwanta, wace hanya shari'a ta tanada don ƙwato haƙƙin mai ita?

Wannan ƙara tana da wani ƙulli da sauran ƙararraki ba su da shi. Wanda aka cuta shi ne mutumin da kotu ta riga ta yanke cewa maganarsa a kan dukiya ba abin kamawa ba ce. Wanda ya cuce shi kuwa shi ne wanda kotun ta ba ikon yin magana a madadinsa. Ke nan bakin da zai yi kuka an riga an miƙa shi ga wanda za a yi kukan da shi.

Za mu bi tarihin yadda shari'o'i biyu suka yi fama da wannan ƙulli, watau fiƙihun Malikiyya da dokar Ingila, domin su ne suka haɗu a kotunan Arewacin Nijeriya tun farkon ƙarni na 20. Abin da muke so mu nuna shi ne, dukkansu sun tanadi tuɓe waliyyi, da sa shi ya biya, da warware cinikinsa, da horonsa, amma waɗannan hanyoyi ba su taɓa yin amfani ba sai inda aka sami abu biyu: rubutaccen lissafin dukiyar tun ranar da aka danƙa ta, da wani mutum na dabam mai ikon tayar da magana ba tare da jiran wanda aka cuta ba.

2.0 Hajru da Naɗin Waliyyi a Malikiyya

Hana mutum sarrafa dukiyarsa shi malaman fiƙihu ke kira hajru. Tushensa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, inda aka hana danƙa wa safihai dukiya, aka yi umarni da ciyar da su da tufatar da su daga cikinta, aka kuma ce a kafa shaidu lokacin da za a miƙa wa maraya abinsa. Safihi a nan shi ne baligin da hankalinsa ke nan daram, amma yana watsa dukiya ta hanyar da masu hankali ba su yi.

Tun farko malamai sun ga haɗarin wannan iko. Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a 767, ya ƙi yarda a yi wa ɗa baligi mai hankali hajru saboda almubazzaranci, domin a ganinsa tauye mutuncin mutum ya fi asarar dukiyarsa muni. Ya ce ko wanda ya balaga yana safihi, in ya kai shekara 25 a ba shi abinsa. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Shaibani, sun saɓa masa, haka kuma Imamu Malik, wanda ya rasu a 795. Tun da Malikiyya ta karɓi hajru, sai ya zama wajibi a kanta ta yi masa shinge.

Shinge na farko shi ne ƙayyade wanda zai zama waliyyin dukiya. A Malikiyya uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙalin ya ɗora, wanda ake kira muƙaddami. Kaka da wa da baffa ba su da wannan iko don zumunta kawai. Idan kuwa hauka ko safihanci ya auko wa mutum bayan ya riga ya mallaki hankalin kansa, to al'amarinsa na alƙali ne, in babu alƙali sai jama'ar Musulmi ta tsaya a matsayinsa. Shinge na biyu, Muhtasar na Halil, littafin ƙarni na 14 wanda alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi, ya keɓe hukunci a kan shiriyar mutum ko rashinta, da kuma dukiyar maraya, ga alƙalai kaɗai, ban da sauran masu riƙe da muƙamai. Na uku, Ibnu Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya bayyana a cikin Tuhfa cewa shaidu biyu adalai ba su isa a tabbatar da safihancin mutum ko shiriyarsa ba, sai an yawaita su.

3.0 Hanyoyin Gyara a Malikiyya

Galibin hukunce-hukuncen da ke tafe an rubuta su ne a kan wasiyyin maraya, amma masu sharhi sun shimfiɗa su a kan muƙaddami, da kuma a kan dukiyar safihi da mahaukaci.

3.1 Binciken alƙali ba tare da ƙara ba

Halil ya jera ayyukan da sabon alƙali zai fara da su idan ya hau kujera. Na farko ya duba waɗanda ke tsare a kurkuku. Na biyu ya duba wasiyyai da muƙaddamai da dukiyar da ke hannunsu. Sannan ya sa a yi shela cewa kada kowa ya yi ciniki da maraya ko safihi, kuma duk wanda ya san da irinsu ya kawo maganarsu gare shi. Hikimar wannan jeri a fili take: ɗan kurkuku da wanda aka yi wa hajru su ne mutane biyu da ba su iya kawo kansu gaban alƙali. Saboda haka aka ɗora wa alƙalin ya je gare su kafin ya saurari masu ƙafar zuwa. Shelar kuwa ta mai da maƙwabci da ɗan'uwa da mai unguwa masu ikon kawo rahoto. Wannan ita ce amsar Malikiyya ga ƙullin da muka ambata a gabatarwa.

3.2 Warware ciniki

Ba a yarda waliyyi ya sayar da gida ko gonar wanda yake riƙo ba sai da dalili. Halil ya lissafa dalilai wajen goma sha ɗaya, a cikinsu akwai bukatar ciyarwa ko biyan bashi, da samun farashin da ya zarce na kasuwa ƙwarai, da ƙarancin abin da kadarar ke kawowa, da mugayen maƙwabta, da tsoron rushewa alhali babu kuɗin gyara. Shi kansa alƙali in zai sayar, sai an tabbatar masa cewa kadarar ta mutumin ce, kuma ita ta fi cancanta a sayar, shaidu sun kewaya iyakarta, an yi tallarta a bainar jama'a, ba a sami wanda ya taya fiye da haka ba, kuma farashin ya yi daidai. Cinikin da ya rasa waɗannan sharuɗɗa yana iya warwarewa, kadara ta koma ga mai ita.

Haka kuma an hana waliyyi saye wa kansa daga cikin dukiyar. In ya saya, alƙali zai bi cinikin da nazari, in da riba ga mai dukiya ya bar shi, in da ƙwara ya rushe shi. An yarda ya ba wani jari daga cikinta a yi kasuwanci a raba riba, amma an ƙi ya juya ta da kansa, don kada ya zama shi ne mai ba da jari kuma shi ne mai yanka wa kansa rabo. Kyauta daga dukiyar kuwa ba ta zartuwa ko kaɗan.

3.3 Biyan abin da ya salwanta

Waliyyi amintacce ne a idon shari'a. Ma'anar wannan ita ce, in gobara ta ci kaya ko ɓarayi suka kwashe ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Yana biya ne in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Alal misali, in waliyyai biyu ne suka raba dukiyar a tsakaninsu kowa ya riƙe rabi, duk abin da ya ɓata suna biya, domin an haɗa su ne don kowa ya zama ido a kan ɗan'uwansa.

A nan ne maganar hujja ta shigo. In an yi jayayya a kan yawan abin da aka kashe wajen ci da sutura, maganar waliyyi ake kamawa tare da rantsuwarsa, muddin adadin ya yi kama da gaskiya. In kuwa ya ce ya riga ya mayar da dukiyar ga mai ita, ba a karɓar maganarsa sai da shaidu, saboda umarnin kafa shaidu da ke cikin ayar da muka ambata. Za a lura cewa ƙofar ɓarna ta fi faɗi a wajen ciyarwa, inda rantsuwa ke wadatarwa. Wanda ya riƙe dukiya shekara goma yana iya cinye ta kaɗan-kaɗan da sunan cefane, kuma in ba a ƙidaya ta ranar da ya karɓa ba, babu ma'aunin da za a gwada rantsuwarsa da shi.

3.4 Tuɓewa da fita daga hajru

Sharaɗin waliyyi shi ne ya zama baligi mai hankali, Musulmi, adali, mai iya aikin. Mace tana iya zama, makaho ma haka. In fasiƙanci ko ha'inci ya bayyana gare shi daga baya, alƙali zai tuɓe shi ya naɗa wani. In kuwa rauni ne kawai, ana iya haɗa shi da mai sa ido wanda ba a zartar da wani babban abu sai da saninsa.

Hanyar da ta fi kowace girma ita ce mutum ya fita daga hajrun gaba ɗaya. Mahaukaci yana fita da zarar ya warke. Safihin da ke ƙarƙashin wasiyyi ko muƙaddami kuwa sai an kwance shi, kuma wanda ke kwancewar shi ne waliyyin, watau mutumin da zai rabu da dukiyar in ya yi haka. In ya ƙi, sai safihin ya kawo taron shaidu gaban alƙali. Malamai sun tattauna abin da zai faru da cinikin wanda ya shiryu amma ba a kwance shi ba. Bisa ƙa'idar Malik cinikin bai zartu ba, domin hajrun yana nan. Bisa ƙa'idar almajirinsa Ibnul Ƙasim, wanda ya rasu a 806, ya zartu, domin safihancin shi ne dalili, kuma ya gushe. Ra'ayin Ibnul Ƙasim ya rage wa waliyyi mai jan ƙafa ƙarfi, tun da halin mutum aka duba, ba a jira amincewar mai riƙonsa ba.

4.0 Dokar Ingila

4.1 Daga fadar sarki zuwa kotun Cansari

A Ingila wannan iko ya faro ne daga sarauta. Wata tsohuwar doka kan haƙƙoƙin sarki, wadda aka saba jingina wa shekarar 1324 ko da yake masana na ganin ta ɗan girmi haka, ta raba mutanen gida biyu. Wanda aka haifa dolo, sarki zai riƙe ƙasarsa, ya ciyar da shi, ya ci sauran amfanin, in ya mutu a mayar wa magada. Wanda ya haukace daga baya kuwa, sarki zai tsare masa dukiyar ba tare da ya ci komai ba, domin ana sa ran ya warke. Da yake riƙon dolo hanyar samu ce, sai fadawa suka riƙa roƙon sarki ya ba su, ana ba da shi kamar yadda ake ba da kyautar doki. Mutanen gari da ake rantsarwa su binciki hankalin mutum su ma suka gane dawan garin, sai suka riƙa cewa mahaukaci ne ko da dolo ne, don su tsirar da dukiyar iyalinsa. A 1540 aka kafa kotu ta musamman mai kula da waɗanda ke ƙarƙashin riƙon sarki, wadda ta yi ƙaurin suna wajen sayar da riƙon marayu. Majalisa ta tsayar da ita a 1646, aka kuma soke ta da doka a 1660. Wannan zamani ya nuna abin da ke faruwa in mai sa ido shi ne mai cin riba: an ba kura ajiyar nama.

Bayan 1660 aikin ya koma hannun Lod Cansala, shugaban kotun Cansari. A nan aka gina tsarin da ya daɗe. Ana naɗa waliyyi biyu, ɗaya na jikin mutum, ɗaya na dukiyarsa. Masanin dokar nan Blackstone ya bayyana a 1765 cewa ba kasafai ake ba magaji riƙon jiki ba, domin mutuwar mutumin riba ce gare shi, amma akan ba shi riƙon dukiya, domin kyautatuwarta riba ce gare shi. Waliyyin dukiya yana kawo masu tsaya masa waɗanda za su biya in ya gaza, yana kuma gabatar da lissafi a kai a kai ga ma'aikatan kotu. Wannan lamuni shi ne babbar gudummawar Ingila ga wannan babi, domin hukuncin biya ba shi da amfani a kan waliyyin da ya riga ya cinye ya kuma tsiyace. A 1833 aka ƙara da masu ziyara uku, likita biyu da lauya ɗaya, waɗanda ke zuwa su ga mutumin da idonsu su kawo rahoto.

4.2 Tsadar ƙofar kotu

Aibin tsarin shi ne tsada. Shari'ar William Windham ta ishe mu misali. Saurayi ne mai gadon babban gida a Norfolk, wanda danginsa, ƙarƙashin jagorancin baffansa, suka nemi a yanke cewa ba shi da hankali saboda watsa dukiya da auren da ya yi. An zauna kwana 34 tsakanin Disamba 1861 da Janairu 1862, aka saurari shaidu 140, aka kashe kimanin fam 20,000, daga ƙarshe aka ce hankalinsa lafiya lau. Ya ƙarasa cinye dukiyar, ya rasu a 1866. A Malikiyya Windham safihi ne sak, amma dokar Ingila ba ta san hajrun almubazzari ba, ta fi kusa da ra'ayin Abu Hanifa ke nan. Abin lura a gare mu shi ne, inda shiga ta ci wannan kuɗi, fita ko ƙarar waliyyi ba ta talaka ba ce. Saboda haka ne wasu da suka taɓa shan ɗauri a gidajen mahaukata, cikinsu har da John Perceval, ɗan Firayim Ministan da aka kashe a 1812, suka kafa ƙungiya a 1845 don taimakon waɗanda aka yi wa ƙazafin hauka. Dokar 1890 ta buɗe hanya mai sauƙi ta naɗa mai kula da dukiya ba tare da wancan dogon bincike ba. A 1947 ofishin da ke wannan aiki ya sami sunan Kotun Kariya.

4.3 Tsarin da ake bi tun 2007

Dokar 2005, wadda ta fara aiki a 2007 a Ingila da Wales, ta raba aikin gida biyu. Kotun Kariya ke naɗawa da tuɓewa. Wani ofishi dabam, na Waliyyin Jama'a, shi ke karɓar lissafin shekara-shekara, ya aika masu ziyara, ya kuma saurari ƙorafi daga duk wanda ya kawo shi. Shi kansa wanda ake riƙo yana iya kai ƙara ba tare da neman izinin kotu ba. Ana sa waliyyi ya yanki takardar lamuni daga kamfanin inshora, in ya ci amana kotu ta sa kamfanin ya biya nan take, shi kuma kamfanin ya bi waliyyin bashi. Ta fuskar horo, cin zarafin wanda ake riƙo ko yin watsi da shi da gangan yana jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 5, zamba ta hanyar amfani da matsayi kuwa shekara 10 a ƙarƙashin dokar 2006.

Wata shari'a ta 2013 ta nuna tsarin yana aiki. Wasu mata biyu, dangin mijin wata tsohuwa da ta haura shekara 90, kotu ta naɗa su su kula da dukiyarta. Sai suka shiga raba kyauta da kuɗinta, suka saya wa kansu motoci da agogon Rolex da jakunkuna masu tsada. Maganar ta zo gaban kotu ta hanyar sa idon wancan ofishi. Alƙali Denzil Lush ya ƙi amincewa da galibin kyautar, ya tuɓe su, ya ɗora musu biyan fiye da fam 200,000, kuma lamunin da aka sa suka yanka tun farko ya isa ya rufe adadin. Tsohuwar ba ta iya kai ƙara ba, lissafi ne ya yi magana a madadinta.

Amurka, wadda ta gaji dokar Ingila, ta ba mu ɗaya gefen. A 1987 kamfanin dillancin labarai na AP ya binciki fayil 2,200 na kotunan ƙasar, ya tarar kusan rabinsu babu cikakken lissafin da doka ta wajabta, kuma kusan rabin mutanen ba su halarci zaman da aka yanke hukunci a kansu ba. A jihar Nevada wata mai sana'ar walicci, April Parks, ta yi shekaru tana cin dukiyar tsofaffin da kotu ta danƙa mata, sai a 2019 aka yanke mata ɗaurin shekara 16 zuwa 40. Dokar tuɓewa da ta biya duk suna nan a rubuce a tsawon waɗannan shekaru. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai karanta lissafi da mai sauraren dangin da ke kuka.

5.0 Haɗuwar Shari'o'in Biyu a Arewacin Nijeriya

Kare dukiyar marasa ƙarfi yana cikin abubuwan da masu jihadi suka yi magana a kai. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cin dukiyar mamaci da sunan gado da karɓar rashawar alƙalai a cikin aibobin mulkin da ya tarar. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1807 don koyar da masu mulki da alƙalai aikinsu. A daular Sakkwato wanda alƙali ya zalunta yana da majalisar sarki, kuma wannan ya ci gaba a zamanin Turawa, kamar yadda bayanan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 suka nuna, waɗanda Allan Christelow ya buga a 1994. An rufe kotunan sarakuna, aka mai da na alƙalai kotunan yanki tsakanin 1967 da 1968.

Turawa sun shigo da dokar Ingila kamar yadda take a ranar 1 ga Janairu 1900, suka kuma kafa dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958. Hankalin wannan doka ya fi karkata ga yadda za a tsare mutum. Ta zauna har Janairu 2023, lokacin da aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa wadda ta maye gurbinta.

Walicci a kan Musulmi kuwa ya zauna a hannun fiƙihu. Tsarin mulkin 1979, sannan na 1999 a sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda aka fara kafawa a Jihar Arewa a 1960, hurumin duba duk maganar da ta shafi yaro ko almubazzari ko mai taɓin hankali in Musulmi ne, da kuma ciyarwa da waliccin Musulmin da ya raunana a jiki ko a hankali. Ke nan safihin Halil yana da gurbi a cikin tsarin mulkin ƙasa. Ta fuskar horo, dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga mai cin amanar dukiyar da aka danƙa masa. Bugu da ƙari, ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun hana korar ƙara don kawai mai kawo ta ba shi aka cuta ba. Nijeriya kuma ta amince a 2010 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 12 ya bukaci duk wani mataki da ya taɓa ikon mutum a kan al'amuransa ya kuɓuta daga son kai, kuma wata hukuma mai zaman kanta ta riƙa bitarsa lokaci-lokaci.

Sai dai abin da aka fi sabawa da shi a ƙasar Hausa shi ne babban wa ko baffa ya riƙe dukiyar marar lafiya bisa yardar dangi, ba tare da an je gaban alƙali ba. Mun ga cewa a Malikiyya irin wannan mutum ba waliyyin dukiya ba ne, iyaka dai malamai sun yi rangwame a kan ƙaramin cinikinsa. Wannan yana nufin gidan da ya sayar ana iya neman warware cinikinsa, amma kuma yana nufin babu ƙidaya, babu shaidu, babu alƙalin da ya san da maganar, har ranar da magada za su tashi rigima.

6.0 Kammalawa

In aka jera abin da shari'o'in biyu suka samar, za a ga kowace ta riƙe wani ɓangare. Malikiyya ta ɗora wa alƙali bincike ba tare da ƙara ba, ta buɗe ƙofar rahoto ga jama'a, ta kuma ƙuntata sayar da kadara. Rauninta yana wajen dogaro da rantsuwar waliyyi a kan ciyarwa, da barin kwance safihi a hannun mai riƙonsa. Ingila ta kawo lamuni da lissafin shekara da masu ziyara, amma ta ɗauki ƙarnuka kafin ta raba mai sa ido da mai cin riba, da kuma kafin ta rage tsadar ƙofarta.

Babu ɗaya daga cikin dabarun Ingila da ya ci karo da ƙa'idar Malikiyya, domin alƙalin da aka wajabta wa duba muƙaddamai yana da ikon gindaya musu sharaɗin da zai sauƙaƙa masa dubawar. Maroko, wadda ita ma ƙasar Malikiyya ce, ta sa ƙidayar dukiya da lissafin shekara a kan wasiyyi da muƙaddami a cikin dokar iyali ta 2004. Saboda haka muna ba da shawara ga Alƙalan Alƙalai na jihohinmu su tanadi abu huɗu a cikin ƙa'idojin kotunansu: rajistar duk wanda aka naɗa wa waliyyi, da ƙidayar dukiya gaban shaidu ranar naɗi, da lissafin shekara wanda wani ma'aikaci sananne zai karanta ya sa hannu, da mai tsaya wa waliyyi gwargwadon abin da aka danƙa masa. Ga masu nazarin tarihi kuwa, littattafan shari'ar alƙalai da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna da na Kano suna jiran wanda zai bi su ya fito mana da yadda aka yi aiki da babin hajru a kotunanmu.